Wadda Murdo Ke Jira

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Wata baƙuwa 'yar Kanada ce ta nuna min a wayarta. Muna tsaye a ƙofar gidan sarauta na Holyrood, ina jiran sauran baƙin su fito daga banɗaki, sai ta ce wai ranar Asabar ta bi zagayenmu na sama, kuma duk yawonta a Edinburgh ba ta ga jagora kamar dattijon nan namu ba. Na ce wane dattijo, ai zagayen sama Rhona ce ke yi. Sai ta miƙo min hoton.

Murdo ne. Mijina, wanda nake bari kullum a kan kujera da bargo a gwiwa. Ga shi tsaye a bakin cocin St Giles, ya ɗaga lemarmu mai ruwan ɗorawa, baki buɗe yana tsakiyar bayani. Rhona na gefensa tana dariya har da dafa masa hannu. Ya sa hularsa ta zuwa coci. Ya aske gemu.

Na ce wa matar ai kuwa ya iya. Na haura da su tudun Calton, na nuna musu teku, na yi murmushi a hotunansu.

Shekara talatin da 'yan kai muna zagaya baƙi a garin nan, shi a gaba da lema yana zuba, ni a wutsiya ina tattaro masu tsayawa ɗaukar hoto. Tun watan Afrilu bai ƙara fita aiki ba, ko dai haka na ɗauka. Da na dawo na same shi a kujerarsa, ɗakin na ƙanshin sabulun aski. Ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah." Tun watan Yuni haka yake kirana. Na ce yawwa, na wuce kicin na ɗora ruwan shayi.

Talata, 5 ga Agusta, da safe

Ni ba ya aske gemu domina.

Talata, da yamma

Na tsare Senga a kicin kafin ta ɗauki jakarta. Ƙanwarsa ce, ita ke zama da shi da rana tun da abin ya fara. Ko musu ba ta yi ba. Ta ce ya kai mako biyu. Da rana ta kusa tsakiya sai ya miƙe ya shiga banɗaki, ya fito tsaf, ya sauka bene ko ƙarfe ba ya riƙewa, ya haura Babban Titi. Ita kuma ta ja gwiwarta mai ciwo ta bi shi, ta zauna a matakalar coci tana kallonsa. Yana tsayawa ne a wajen zuciya, zuciyar duwatsun nan da ke shimfiɗe a ƙasa, har a buga igwar ƙarfe ɗaya daga Fada, tsohon gidan sarakunan nan da ke kan dutse a ƙolin titin. Daidai lokacin kuma Rhona ke gangarowa da baƙinta.

Na ce, daidai lokacin, ko?

"Murdonmu ba fursuna ba ne, Ishbel. Ki dubi fuskarsa in ya dawo."

Ai na ga fuskarsa. A wayar wata 'yar Kanada na gan ta.

Ni da hannuna na ɗauki Rhona aiki a watan Mayu, da muka raba zagayen biyu, ita sama ni ƙasa. 'Yar Glasgow, aurenta ya mutu, ga jan gashi wanda daga kwalba ya fito, ga murya kamar ta mai tallan kifi. Wadda ke zuba ruwan tsami a soyayyen dankali ta bar miyar nan tamu mai ruwan ƙasa, me za ki tsammata daga gare ta? Har cewa baƙi take yi wai tofa yawu a zuciya sa'a yake kawowa. Sa'ar me? Ƙofar kurkuku ce a wurin a da, mutanen gari na tofawa ne don raini. Na gyara mata sau biyu, ta ce baƙi sun fi son sa'a.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan abincin yamma

Na gwada shi, Allah ya yafe min. Ina zuba masa miya na ce, kamar baƙuwa, in mutum wuni ɗaya gare shi a garin nan me zai gani?

Ya ajiye cokali. Ya gyara zama. Fada tun da safe kafin motocin baƙi su iso, da ɗan ɗakin sujadar nan na can ƙoli wanda ya girmi komai. A gangara ta matakala zuwa Grassmarket inda ake rataye mutane a da. A dawo ta lungu, coci, zuciya, sannan Holyrood. In ƙafa na da ƙarfi dutsen Arthur, in babu tudun Calton da faɗuwar rana. Shekarun yaƙi, sunayen sarakuna, wace sarauniya ta haihu a wane ɗaki, babu wanda ya kuɓuce masa. Har ya gargaɗe ni da matakalar da ke santsi in an yi ruwa.

Wannan fa mutumin da safiyar yau ya tambaye ni ina ake ajiye cokula a gidan nan.

Garin nan bai taɓa wanke masa riga ba, bai taɓa zama da shi a layin asibiti ba. Amma kowane dutse na cikinsa yana nan a kansa da sunansa, ni ce kawai babu wurina. Ina kishin tulin duwatsu, ni Ishbel Tulloch, da shekaruna.

Da ya gama ya ce in ina neman mai zagayawa da ni, akwai wata Rhona, tana da kirki. Haka ya faɗi sunan, ba ko tuntuɓe.

Juma'a, 8 ga Agusta, da rana

Rhona ta turo saƙo wai gobe motar 'yan Sifen za ta zo, har da 'yar fuskar dariya a ƙarshe. Ban amsa ba.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Na sallami baƙina da wuri, na ce musu iskar Calton ta yi yawa, na haura. Bikin Agusta ya cika titi, nan mai haɗiye wuta, can mai tafiya a kan igiya, ga masu cusa maka takardar talla a hannu ko kana so ko ba ka so. Na laɓe a bakin lungun da ke kallon coci kamar ɓarauniya.

Yana nan. Hula, farar riga, hannu a baya. Senga na matakala tana cin biskit.

Igwa ta tashi, baƙi suka zabura, tantabaru suka watse, shi ko gezau. Can sai ga lemar ta ɓullo. Rhona ta kwaɗa masa kira tun daga nesa, ta miƙa masa lemar kamar abin da suka saba, ya karɓa. Sai na ji muryar. Muryar aikinsa, wadda ke kaiwa har wutsiya ba tare da ya ɗaga ta ba. Rabona da ita tun Afrilu.

Wani saurayi cikin 'yan Sifen ɗin ya ga zuciya a ƙasa, ya ɗauka wurin soyayya ne, ya jawo budurwarsa zai durƙusa da zobe. Kowace shekara sai an yi mana irin wannan. Murdo ya tare shi da lema, ya ce ɗana, in kana son ta kada ka sa gwiwarka a nan, yawun garin nan kakaf a nan yake taruwa. Ya tofa ya nuna musu. Aka yi ta dariya, ita Rhona har da riƙe ciki. Kafin su wuce ta gyara masa wuyan riga.

Wuyan rigar da ni na goge.

Bai bi su ba. Suka gangara, shi ya tsaya yana kallon sama, wajen Lawnmarket da ke saman titin, ya daɗe. Ina jin don kada a ce yana bin ta da ido ne. Senga ce ta zo ta kama hannunsa. Na bi wata hanyar na riga su gida, na kwanta na ce kaina ke ciwo.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Ba a buga igwa ranar Lahadi. Ya yi aski, ya sa hula, ya zauna a taga yana sauraro har rana ta juya. Bai fita ba. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, na yi ta kaiwa da komowa da tsintsiya a gabansa. Da na ga yadda yake murza hular a gwiwa kuma sai daɗin ya gudu.

Ranar Grassmarket ce ke ta dawo min yau. Muna tsakiyar zagaye ya juyo ya nuna ni da lema, ya tambayi baƙi cikin ladabi ko akwai wanda ya san matar nan, tun daga Fada take bin mu. Suka fashe da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Ni ma na yi dariya. Shi bai yi ba.

Likita ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe biyar

Na yi musanya. Na ce wa Rhona daga yau ita ƙasa ni sama, gwiwata ta gaji da Calton. Ta dube ni, don ta san Fada ta fi Calton hawa, amma ta miƙo lemar.

Na yi kwalliya. Na sa jan baki, abin da na manta yadda ake yi. Igwa na tashi na gangaro da baƙina, lema a sama. Ya ga lemar, fuskarsa ta buɗe, ya yi taku ɗaya. Sai ya ga mai riƙe da ita.

"Ina Rhona?"

Na ce tana ƙasa yau. Na miƙa masa lemar, ya ce a'a, shi ba ya shiga aikin mutane. Dole ni na yi bayanin, yana tsaye yana jina, har ya gyara min shekarar da aka rushe kurkukun, ya ce ki yi haƙuri baiwar Allah, kin ƙara shekara ɗaya. Kuma shi ke da gaskiya.

Wani Ba'amurke ya ce to ke ba za ki tofa ba? Na ce ni ba na yi. Gaskiya na faɗa. Ana saura 'yan kwanaki bikinmu uwar Murdo ta gan ni na yi, ta ce matar ɗanta ba za ta riƙa tofi a titi kamar ɗan dakon tashar jirgin ruwa ba. Tun daga ranar na bari. Duk shekarun nan shi ke tofawa a gaba, ni ina wutsiya ina ƙirga kawuna.

Na wuce da su. Da na waiwaya yana kallon sama, ko ta kaina bai bi ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Na ɓoye reza da hula a cikin injin wanki.

Alhamis, da yamma

Senga ta ce ya birkice gidan yana nema, sannan ya zauna a gefen bahon wanka bai ƙara magana ba. Ko da igwa ta tashi bai motsa ba. Ta ce in na sake ba za ta ƙara taka benen nan ba, in nemi wata. Na ce sauka lafiya. Gobe za ta zo, ni ma na sani ita ma ta sani.

Bai ci abinci ba. Na mayar da su inda suke.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe shida

Na gaya wa Rhona in biki ya ƙare ba ma bukatarta. A bakin titi na gaya mata, kusa da mai busa algaita, don kada maganar ta yi tsawo. Ta ce me ta yi. Na ce aiki zai ragu. Ta ce haba Ishbel, ki faɗa min abin da na yi. Sai bakina ya suɓuce, na ce ki tambayi wanda ya san sunanki.

Ta tsaya tana kallona. Sai ta kama bajon suna da ke ƙirjinta ta ɗago shi har kusa da hancina.

"Karantawa yake yi. Kullum sai ya duba nan tukuna. Ran da na manta shi a gida, baiwar Allah ya kira ni."

Ta fara cewa akwai abin da ya kamata in ji, na ce baƙi na jirana. Babu wanda ke jirana.

Ni ban taɓa sa bajo ba. Wa zai tambayi sunana a Babban Titi? Har masu shara sun san ni.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan karin kumallo

Akwai tsohon bajo a aljihun tebur tun na farkon aikinmu. Na maƙala na cire, na maƙala na cire. A ce mace ta rataya suna a ƙirji don mijinta, a cikin kicin ɗinta. Daga ƙarshe dai na bar shi, na kawo masa kunu.

Ya duba. Ya matso da fuska ya karanta a hankali, sai ya yi murmushi.

"Ishbel. Sunan matata ke nan. Kin san ta?"

Na ce na ɗan san ta.

Ya ce ba ta da haƙuri ko kaɗan, amma babu kamarta. Ya ci gaba da shan kununsa.

Ashe tana nan a wani wuri a cikin kansa, ita da duwatsun. Ni da ke tsaye da tukunya a hannu ce dai ba ita ba. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Ruwa tun safe, ga hazon teku ya rufe Fada, baƙi na ta tambaya ina take. Shi dai ya je ya tsaya a cikin ruwan. Na wuce shi da baƙina, muka gaisa kamar maƙwabtan da ba sa shiri.

Da yamma aka ƙwanƙwasa. Rhona ce, jiƙe sharkaf, da ƙunshin kifi da dankali, warin ruwan tsami tun daga bene. Na ce na san kin sha shayinki. Ta ce ku mutanen Edinburgh, mutum zai faɗi ya mutu a ƙofarku ku ce kun san ya sha shayinsa. Ta ture ni ta shigo kicin.

Ta ce korar da na yi mata ba komai, ta saba, amma sai na ji wannan. Ba ita yake jira ba. Kullum in ya gama wa baƙi bayani sai ya ja ta gefe ya tambaye ta ko ta ga wata yarinya mai koren kwat ta wuce. Wai tana aiki a wani shagon ulu a Lawnmarket, igwa na tashi take fitowa cin abinci. Wai ba ta tsayawa, ba ta kallon kowa, tana cikin tafiya take tofawa tun daga nesa ta samu tsakiyar zuciya. Makonni ke nan yana zuwa kallonta, har yau ya kasa yi mata magana, amma yau zai yi. Kullum yau zai yi.

Abin da ya fara zuwa min, to wace ce kuma wannan? Har na ji kunnuwana sun yi zafi.

Rhona ta ce ta tambayi Senga, ta ce ita ba ta san wata mai koren kwat ba. Ta ɗauka ko ni na sani. Na ce ban sani ba. Na zuba mata shayi. Na ci dankalinta ma, da tsamin da komai.

Laraba, 20 ga Agusta, da gari ya waye

Shagon tsoho Geddes. Ina da shekara ashirin da ɗaya. Innata ce ta ɗinka min kwat ɗin, kore shar, na sa shi har ya mutu kafin ma mu haɗu sosai da dangin Murdo.

A wurin rawa a Leith muka haɗu, haka na sani, haka muka gaya wa kowa. Ya zo ya ce bai taɓa ganina ba, 'yar wace unguwa ce ni. Maƙaryaci! Shekara arba'in yana kwana a gefena da wannan a cikinsa bai taɓa faɗa min ba. Sai da ya faɗa wa 'yar Glasgow.

Laraba, da rana

Na ɗauka zan ji sanyi. Haushi nake ji. Na tsaya a madubi na dubi wuyana, na dubi hannuwana. Ita ba ta san komai ba, ba ta taɓa canza masa zanin gado da asuba ba, ba ta san yadda ake lallaɓa shi ya sha magani ba. Tafiya kawai take yi tana tofi, ita ake aske wa gemu. Rhona aƙalla ina iya korarta.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe biyar

Na samu wani koren kwat a shagon gwanjo na Nicolson. Ba irinsa ba ne, ya fi duhu, kuma yana warin wata tsohuwa. Na ce wa Rhona ta koma sama gobe da jibi, ina da uzuri.

Senga ta kama ni a bayan gida wajen igiyar shanya, na ajiye murfin kwano a ƙasa ina gwada tofi a ciki. Duk a haɓata yake ƙarewa. Ta dubi murfin, ta dubi kwat ɗin, ta zauna a kan bokiti ta rufe baki da hannu. Na ce in kika yi dariya sai na kwaɗa miki murfin nan. Ashe ba dariya take ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe uku

Ban iya ba.

Igwa ta tashi, na gangaro daga Lawnmarket, inda shagon Geddes yake a da, yanzu 'yan tsana ake sayarwa. Ya hango koren tun daga nesa. Na ga ya miƙe, ya taɓa hularsa. Sai ni kuma na rage tafiya, na tsaya a gabansa ina kallonsa ina jira, bakina ya bushe ƙamas. Ya dubi kwat ɗin, ya dubi fuskata. Na ga hasken ya mutu.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Na ɗauka wata ce."

Rhona na nan da baƙinta, ta ga komai. Ta zo wucewa ta gefena, ba ta dube ni ba, ta ce a hankali, ya ce fa ba ta tsayawa, ba ta kallon kowa.

Ba zan ƙara ba. In na sake ya sake ce min haka a gaban mutane, ban san me zai saura ba.

Asabar, 23 ga Agusta, da safe

Na sayi alawar tsami.

Asabar, da yamma

Na sa ɗaya a baki tun kafin igwa, don yawu ya taru. Titi ya fi jiya cika, ƙarshen biki. Da ta tashi na ɗaga haɓa na taho da sauri kamar yadda nake yi a da, in Geddes ya ba ni rabin awa kuma yunwa na cina. Ban nemi hularsa da ido ba. Abin da na gani kawai Rhona ce ta gicciya lema tana tura baƙi baya da muryar nan tata ta mai tallan kifi, ku matsa, ku ba 'yar gari hanya.

Na tofa ina tafiya. Ba a tsakiya ba, amma a ciki. Wata baƙuwa ta ce wayyo. Na wuce ban waiwaya ba, na wuce ƙofar coci, na kusa kai ga mai busa, na ce shi ke nan.

Sai na ji an taɓa hannun rigata.

Ya cire hula yana riƙe da ita a ƙirji. Kunnuwansa sun yi ja. Yana haki saboda ya yi sauri. Fuskata yake kallo, wannan fuskar dai ta jiya, bai kau da kai ba.

"Ki gafarce ni. Na daɗe ina so in yi miki magana. Yaya sunanki?"

Na faɗa masa.

"Ishbel," ya ce. Ya sake faɗa, kamar yana ɗanɗanawa. Sannan ya ce akwai rawa a Leith ranar Asabar, ko zan je?

Ban san me na ce ba. Na san dai ya ba ni hannu na saƙala nawa, muka gangara Babban Titi, yana nuna min lunguna yana gaya min wanda aka kashe a kowanne, ni kuma ina cewa ashe, ashe. Senga na bin mu a baya da gwiwarta tana fyace hanci.

Da muka hau bene ya zauna a kujerarsa, na rataye kwat, na kawo shayi. Ya ce na gode, baiwar Allah.

Lahadi, 24 ga Agusta, da rana

Babu igwa. Na goge masa riga biyu.

Na kira Rhona na ce zagayen sama nata ne har hunturu, ni ƙarfe ɗaya ina da wurin zuwa. Ta ce to korar fa? Na ce ki daina gaya wa mutane sa'a ce. Ta ce sai ta gani.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Har yanzu ina jin haushin yarinyar nan, ba zan ɓoye ba. Ita ake sa wa hula, ita kunnuwa ke ja dominta. Ni nawa shi ne wanke kwanon askin.

Yau na samu tsakiya.

Ya biyo ni, ya cire hula, ya tambayi sunana, ya ce akwai rawa a Leith ranar Asabar. Na dube shi sama da ƙasa na ce sai na yi tunani. Shekara arba'in ya bar ni ban sani ba, shi ma ya jira zuwa gobe.